Fai na kwakwa: na ɗora shi a kan sikeli

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon gashe-gashe. Inda na kwana shi ne fai mai madarar kwakwa, wato kayan zaƙin da ake yi wa gindin fulawa a zuba kastad a ciki a rufe da kirim, ya fara fitar mini yadda nake so: gindinsa yana ƙarasƙaras, kastad ɗin ciki yana tsayawa idan an sa wuƙa, kirim ɗin sama ba ya zubowa. Tunda hannu ya faɗa, sai na koma ga tambayar da ake yawan yi mini, musamman masu tsofaffi a gida: me ke cikin yanka ɗaya?

Wannan kayan zaƙi na Amurkawa ne. Ya bazu a gidajensu bayan da busasshiyar gogaggiyar kwakwa ta shiga kasuwa a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da wani mai injin fulawa a Filadelfiya, Franklin Baker, ya kama sarrafa ta a shekarun 1890. Su sai sun sayi ta cikin leda. Mu kuwa ga ta nan a baro, kusa da dabino da aya, shi ya sa nake ganin ya dace da kicin ɗinmu. A lissafin Ma'aikatar Noma ta Amurka, irin wanda ake sayarwa a kanti yana da kalori kusan 300 a kowane giram 100. Na gida ya danganta da nauyin hannun mai yi, don haka na auna nawa da kaina.

Ga abin da nake zubawa a faranti mai faɗin inci 9. Gindi: fulawa giram 150 da bota giram 90, wanda ya kama kalori kusan 1,190. A kastad akwai madarar kwakwa gwangwani ɗaya mai mililita 400, madarar shanu mililita 250, sukari giram 120, gwaiduwar ƙwai 4, garin sitacin masara giram 40, da busasshiyar kwakwa giram 60. Waɗannan sun haɗa kusan 2,175. Sai kirim mililita 200 da sukari giram 20 a sama, kusan 760. Jimilla ta ɗan haura 4,100. Idan aka yanka gida 8, kowa ya tashi da kalori wajen 515, kwata ke nan na abin da ake ƙiyasta wa babban mutum a yini, idan an ɗauki 2,000 a matsayin ma'auni.

Abin da ya sa na zauna rubuta muku shi ne inda wannan nauyin yake ɓoye. Kowa sukari yake tuhuma. Amma sukarin da na zuba gaba ɗaya giram 140 ne, yanka ɗaya ya samu giram 17 zuwa 18. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci ya tsaya ƙasa da kashi 10 cikin 100 na kalorin yini, kamar giram 50 ke nan. Yanka ɗaya ya cinye sulusin wannan. Ba kaɗan ba ne, amma maiƙo ya fi shi ɓarna nesa ba kusa ba. Giram ɗaya na maiƙo kalori 9 ne, na sukari 4. Da na tattara na bota da madarar kwakwa da kirim da gwaiduwa da busasshiyar kwakwa, sai ga giram kusan 300 a faranti ɗaya, wato kashi biyu cikin uku na dukkan kalorin daga nan yake fitowa.

Kuma yawancinsa irin mai daskarewa ne. Duk wadda ta ajiye man kwakwa lokacin hunturu ta ga yadda yake sandarewa ya yi fari fat. Sama da kashi 80 cikin 100 na man kwakwa daskararren kitse ne, ya fi na bota yawa. A lissafina yanka ɗaya yana ɗauke da giram 26 ko fiye na irin wannan kitsen, alhali iyakar da ake so mutum ya tsaya a kai a yini wajen giram 22 ce. A 2017 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ja kunne cewa man kwakwa yana ɗaga kwalastarol mai toshe jijiyoyi. Ina faɗin wannan ne saboda na sha jin ana cewa ai kwakwa 'ya'yan itace ce, ba ta da wata illa. Ɗan ɓallin da ake taunawa da dabino daban, gwangwanin madararta da aka dafa da ƙwai aka lulluɓe da kirim daban. Furotin ɗin yanka ɗaya bai wuce giram 7 ba, faiba kuwa ba ta kai giram 2 ba, tunda yawancinta tana tafiya da tuƙar da ake matsewa a zubar.

To, me na canja? Sukarin ban taɓa shi sosai ba. Na raba madarar kwakwa biyu, na cike gurbin rabin da madarar shanu, na kuma rage kirim zuwa mililita 100. Don kada ƙamshi ya gudu, sai na koma gasa busasshiyar kwakwar kafin in zuba. A kasko marar mai, wuta ƙasa-ƙasa, ki riƙa juyawa ba ɗaga hannu. Da farko za ki ga kamar ba abin da ke faruwa, can sai gefe ya fara yin ruwan zuma, ƙamshi ya cika kicin. A nan za ki juye a faranti nan take, domin zafin kaskon kaɗai ya isa ya ƙona ta. Da wannan gyara farantin ya sauko zuwa kalori kusan 3,500, kuma yanzu gida 10 nake yankawa: kusan 350 ga mutum ɗaya, daskararren kitse wajen giram 15 zuwa 16. Ɗanɗanon kwakwar ma ya fi fitowa, a bakina dai.

Sai dai idan maiƙo ya ragu, kastad yana son ya yi ruwa, don haka dahuwarsa na buƙatar ido. Ki kaɗa gwaiduwa da sukari da sitaci, ki ɗebo madara mai zafi da ludayi ki riƙa tsiyayawa a ciki kina burgawa, sannan ki mayar da duka tukunya. Kada ki sauke da zarar ya yi kauri. Jira sai ya fara ɓul-ɓul, ki ba shi minti ɗaya cif kina juyawa. Akwai wani sinadari a gwaiduwa da ke narkar da sitaci, tafasar ce ke kashe shi. Idan bai tafasa ba, za ki wayi gari ki tarar ya tsinke.

Masu amfani da majarin maimakon bota, ku sani kalorin bai ragu ba, don majarin gashi ma kusan kashi 80 cikin 100 maiƙo ne. Garin kirim na leda kuma galibi da man ƙwarar kwakwar manja ake haɗa shi, shi ma mai daskarewa ne. Ku duba bayan ledar. Wadda ke tatsar madarar kwakwarta a gida, lissafinta zai bambanta da nawa gwargwadon ruwan da ta zuba, kuma tatsar farko ta fi maiƙo.

Batun ajiya ma ba na wasa ba ne a zafinmu. Abu ne mai ƙwai da madara: kada ya wuce awa 2 a wajen firji, idan kuma zafi ya haura digiri 32, awa 1. Ranar da ba tabbacin wuta, gara a fasa yin sa.

Gaba ina so in gwada farin ƙwai 4 ɗin da ke ragowa, in buga su da sukari in ɗora a madadin kirim. Wannan zai kwashe maiƙon sama gaba ɗaya, amma yana cin sukari kusan giram 100, don haka ba zai yi wa mai ciwon sukari ba. Zan auna shi kamar yadda na auna wannan, in kawo muku lissafin.