Kwana tara da kazar Iya a cikin kwali

Ran wata Talata a watan Janairu na buɗe akurki bayan sallar asuba, kaji shida suka fito a guje suna neman tsaki, ta bakwai ba ta fito ba. Na haska da fitilar waya sai na hango ta a lungu, ta takure, gashinta ya tashi, ta cusa kai ƙarƙashin fiffike. Mai wake-waken nan ce, wadda Iya ta ba ni da hannunta shekarar da na tare a Unguwar Rogo, ta ce in ta yi ƙwai in riƙa tuna ta.

Da na ɗago ta sai na ga idonta na hagu ya kumbura ya liƙe, gefen fuskar ya tasa kamar an cusa mata gyaɗa. Hancinta na fitar da majina mai yauƙi, dusa ta manne a kai ta bushe. Ga wani wari, wanda har yau in na tuna sai in ji shi a hancina. Tana numfashi da baki a buɗe, da wani ƙaramin gurnani a maƙogwaro.

Maigida ya leƙo, ya dube ta sau ɗaya ya ce, "Kawo wuƙa kafin ta yi mushe." Da na yi shiru sai ya yi dariya ya ce ai sabo da kaza ba ya hana yanka ta. Ban ga laifinsa ba, haka aka saba. Amma ni ban ga yadda zan sa wannan warin a tukunya ba, kuma kazar Iya ce. Na ce ya ba ni kwana uku.

Kafin hantsi maƙwabta sun kawo mini magani kala huɗu. Wata ta ce in daka jan barkono in zuba a ruwa. Wata ta ce ɓawon maɗaci. Tsohuwar da ke bayanmu ta aiko jikanta da gautan kura. Ta huɗun ta miƙo mini kafso biyu, ja da rawaya ɗin nan da kowa ya sani, ta ce in fasa a ruwan shansu gaba ɗaya. Na fasa kuwa. Daga baya na gane ɓarna na yi: ban san ciwon ba, ban san awon ba, na kuma shayar da kaji shida masu lafiya maganin da ba su nema ba, muna ta cin ƙwansu.

Abu ɗaya na yi daidai a ranar, shi ma ba da ilimi ba, don dai sauran sun fara tsattsagar idon nata ne. Na raba ta da su. Na samo kwalin taliya, na shimfiɗa tsohon zane da ɗan buntun shinkafa, na kai ta ɗakin ajiya. Wanda ya san Jos ya san daren Janairu. Garin yana bisa tudu mai tsayin wajen mita 1,200, iskar hunturu kuwa ta tsagar ƙofa take shigowa ta sami mutum har ƙashi. Jikin kaza ya fi namu zafi, wajen digiri 41 yake, kuma da abinci take riƙe wannan zafin. In ta daina ci, sanyi ne zai riga ciwon kashe ta. Daren farko na kai mata kaskon gawayi, cikin minti kaɗan na ga numfashin ya ƙara tsanani, na fitar da shi da sauri. Sai na koma cika gorar roba da ruwan zafi, in naɗe da tsumma in jingina a jikin kwalin, in sake wani wajen ƙarfe biyun dare.

Wurin ba ta ruwa ne na kusa kashe ta da hannuna. Na ɓare bakinta na ɗura da cokali kamar yadda ake yi wa yaro ɗure. Ta shaƙe, ta miƙe wuya, ta yi ta fizge-fizge, na ce shi ke nan. Ashe ƙofar numfashin kaza tana nan a gindin harshenta, a buɗe, ruwan da aka kwarara ta tsakiya can yake wucewa. Dabarar ita ce ka samu sirinji marar allura, ka ɗiga a gefen baki ɗigo ɗaya, ka jira ta motsa baki ta haɗiye da kanta, sannan ka ƙara. Cokali uku na ruwa yakan ci mini minti goma sha biyar. Ina zaune a kan turmi, ita tana cinyata a naɗe da zane, yara na leƙe ta taga.

Kwana biyu ba sauƙi, ga wata ma ta fara atishawa. Ran Alhamis na sa ta a kwando na hau Keke Napep zuwa wurin likitan dabbobi. Ina jin kunya, don mutanen da ke gabana masu gonakin kaji ne, ana maganar dubu biyu, dubu biyar, ni kuwa na rungumo guda ɗaya. Likitan bai raina ba. Ya buɗe bakinta, ya matsa gefen hancin, ya shinshina, ya tambayi kalar kashinta. Na ce ba kore ba ne. Ya ce wuyanta na murɗewa? Akwai wadda ta faɗi ta mutu farat ɗaya? Na ce a'a. Sannan ya ce, "Hajiya, kin kawo sabuwar kaza gidan nan kwanan nan?"

Nan jikina ya yi sanyi. Kwana biyar kafin ta kwanta na sayo zakara a wurin 'yan kaji, ja, kyakkyawa, na sake shi cikin su a daren.

Ya ce alamun na murar da suke kira koraiza ne, ƙwayar bakteriya ke kawo ta, tana jin magani, kuma ba ta cika kisa ba in an kula. Kazar da ta warke takan ci gaba da ɗauke da ƙwayar ba tare da an ga komai a jikinta ba, ga dukkan alamu irin su zakaran nawa ke nan. Tambayoyin da ya yi kuwa, yana neman ya tabbatar ba ɗaya daga manyan cututtuka biyu ba ce. Niyukasil, wadda ke share kajin unguwa duk hunturu, da koren zawo da murɗewar wuya, ba ta da magani sai rigakafi. Sai murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatarwa a Najeriya a 2006. Ya ce in na taɓa ganin kaji na zubewa haka kawai, zankonsu ya yi baƙi-baƙi, kada in yanka, kada in ɗauko a kwando, in kira ma'aikatan dabbobi su zo.

Ya rubuta mini maganin gari na zubawa a ruwa, kwana 5 cur ko da ta miƙe a na biyu, ya kuma nuna mini inda aka rubuta kwanakin da ba a cin nama ko ƙwai bayan an gama. Kuɗin ya kai rabin kuɗin kazar. Maigida bai bar wannan lissafin ya wuce ba.

Idon shi ya fi cin lokaci. Safe da yamma nakan tafasa ruwa kofi ɗaya, in sa gishiri rabin ƙaramin cokali, in bari ya huce, in jiƙa auduga in ɗora har ɓawon ya yi laushi. A rana ta uku fatar ta buɗe, wani abu ya fito mai kauri kamar cuku, rawaya. Na share a hankali, sai ga ƙwayar idon a ciki, lafiya lau, tana kallona. Abinci kuwa dafaffen ƙwai na murmushe mata da kamu mai ɗumi, tunda ba ta gani sosai balle ta tsinci tsaki. Sai na gama da masu lafiya nake zuwa wurinta, in na fito in wanke hannu da sabulu, takalmin da nake shiga ɗakin ma daban na ajiye.

A kwana na bakwai na tarar ta kifar da gwangwanin ruwa. A na tara ta cinye kamun tas, ta goge bakinta a jikin kwalin, hagu da dama, kamar ba ita aka yi wa wahala ba. Na bar ta a ɗakin ƙarin mako guda.

Abin da ya fi ba ni haushi da kaina shi ne rigakafin. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa tana nan Vom, gaba da Bukuru kaɗan, tun 1924, kuma a can ake yin rigakafin Niyukasil da ake kai wa jihohi masu nisa. Akwai wani nau'i da ake kira I-2, mai jure zafi, ɗigo ɗaya ne a ido duk bayan wata huɗu. Ni da ke maƙwabtaka da shi ban taɓa ɗiga wa kazata ba. Ba a yi wa marar lafiya, don haka sai da kowa ya murmure muka haɗu mu gida biyar muka sayi kwalba ɗaya, tunda ta fi ƙarfin kajin gida guda kuma in an haɗa ta ba ta daɗewa. Zakaran ya tafi tukunya bayan kwanakin magani sun wuce. Duk kazar da ta shigo gidan nan yanzu, ko kyauta ce, sai ta yi mako uku a tsohon banɗaki ita kaɗai.

Idon hagun ya ɗan fi na dama ƙanƙanta har yanzu. Da damina ta yi kwanci ta fito da 'yan tsaki takwas. Maƙwabciyata mai kafso ta zo aronta, wai ta kwanta mata a kan ƙwan zabi, na ce ta kawo ƙwan nan gidan, kazar dai ba ta fita. Ta ɗan ji haushi, amma washegari ta aiko da guda goma sha biyu a cikin kwano.