Shekarar da ɗaliba makauniya ta shigo ɗakin bincikenmu

Lokacin da aka sanar da ni cewa wata ɗaliba makauniya ta nemi yin aikin digirinta na biyu a rukunin da nake jagoranta, inda muke nazarin fuskar abubuwa a ma'aunin nanomita, sai na zauna ni kaɗai na tsara mata aikin da ba zai kai ta kusa da kowace na'ura ba. Na ware mata lissafin bayanan da wasu suka riga suka tattara, ina ganin na kyauta mata. A zamanmu na farko ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Malam, kai da idonka ka taɓa ganin nanomita?" Na rasa amsa, domin nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, kuma hasken da idon ɗan Adam ke gani tsawon zangonsa yana tsakanin nanomita 400 da 700, don haka abin da muke aiki a kai ya fi ƙarfin idon kowa.

Na'urar da muka fi dogaro da ita, wadda ake kira AFM, masana kimiyya Binnig da Quate da Gerber ne suka ƙirƙiro ta a 1986, kuma lalube take yi kamar sandar makaho. Wani tsini mai matuƙar kaifi a bakin siririn hannu yana bin fuskar samfurin layi bayan layi, hasken leza kuma yana auna yadda hannun ke lanƙwasa. Abin da ke fitowa jerin lambobi ne na tudu da kwari, kalar da muke sha'awa a allo kuwa manhaja ce ke shafa ta daga baya. Da na fahimci haka, sai muka riƙa mayar da lambobin siffar roba ta hanyar firinta mai fitar da siffa, muna ƙara wa tudun tsawo yadda yatsa zai ji shi.

Bugun farko ya lalace, kuma laifina ne, domin na zuzuta tsawon har ƙananan kurakuran awo suka zama duwatsu. Ita ta faɗa mana gwargwadon da yatsa ke iya bambancewa. A bugu na uku, tana shafa siffar ƙwayoyin zinare, ta ce kowace ƙwaya tana da 'yar tagwaiya a gefe guda, kuma tazarar iri ɗaya ce ko'ina. Wannan alama ce sananniya ta tsinin da ya tsage gida biyu, amma mu masu ido mun shafe kwanaki muna kallon hoton ba mu lura ba. Ba ina nufin makanta tana ba da wata baiwa ta daban ba. Ita dai ta bi samfurin a tsanake, mu kuma kyan hoto ya ɗauke mana hankali.

Abin da ya fi ba mu wahala manhajar sarrafa na'urar ce, saboda maɓallanta ba su da sunayen da manhajar karanta allo za ta furta, sai da muka rubuta umarnin da take bugawa da madannai. Ɗora tsinin da hantsaki kuwa abokin aiki ke yi mata, kamar yadda ake yi wa yawancin sababbin ɗalibai.

Wannan ya sa na sake duba ɗakin aikinmu marar ƙura, wanda ake shiga da takunkumi, da idon basira, inda muke da ma'aikaci kurma da bai taɓa kokawa ba. Takunkumi yana rufe leɓɓan da yake karantawa, ƙararrawar yoyon iskar gas kuma sauti kawai take yi, wato da hatsari ya auku shi ne zai zama na ƙarshen sani. Muka sa fitilu masu walƙiya, muka kuma amince da wasu alamun hannu na gaggawa da kowa ya haddace.

Tun daga lokacin, nakan tambayi mutum abin da yake buƙata kafin in tsara masa komai, kuma nakan sa kuɗin irin waɗannan gyare-gyare a cikin takardar neman tallafin bincike tun farko, domin neman su daga baya ya cinye mana zangon karatu guda. Siffofin robar nan yanzu da su nake fara koyar da duk sabon ɗalibi, kuma nakan ce ya rufe ido ya nemo mini tagwayen.