Zurfin faɗuwa da tsawon jira

A aikin duba asusun zuba jari irin na ETF, waɗanda ake saye da sayarwa a kasuwar hannun jari, adadin da nake fara nema shi ne faɗuwa mafi zurfi. Lissafinta ba wuya. Ka nemo inda farashi ya kai ƙololuwa, ka bi shi zuwa inda ya fi yin ƙasa kafin ya sake haura wancan matsayi, sai ka auna tazarar da kashi cikin ɗari.

Matsakaiciyar ribar shekara ba ta nuna maka wannan. Ɗauki SPY, wani asusun ETF mai bin S&P 500, ma'aunin farashin hannun jarin manyan kamfanonin Amurka, tun 1993. Daga Oktoban 2007 zuwa Maris ɗin 2009 ma'aunin ya zube kusan kashi 57. Wanda ya zuba miliyan ɗaya a ƙololuwa ya ga ta koma kimanin dubu 430, kuma ribar kashi 57 ba za ta mayar masa da uwar kuɗinsa ba, sai ta haura kashi 130. Farashin bai koma inda yake ba sai a 2013.

Asusun QQQ, mai bin manyan kamfanonin fasaha, ya fi muni: ya faɗi sama da kashi 80 tsakanin 2000 da 2002, aka kuma shafe kimanin shekara 15 ana jira. Wannan jiran ne ya fi damuna, domin mai bukata ba ya jira. Shi ya sa idan mutum ya zo da waya a hannu yana nuna mini layin riba yana hawa, sai in tambaye shi: "Alhaji, in kuɗin nan ya koma rabi a watan da za ka aurar da 'yarka, kana da wani abin da za ka taɓa?" Amsarsa ce ke yanke nawa ya kamata ya zuba.

Sai dai adadin tarihi ne kawai. Asusun da aka buɗe bayan 2009 bai ɗanɗana faɗuwar 2008 ba. Abin da ya sani shi ne 2020, lokacin da kasuwa ta zube kusan kashi 34 cikin makonni biyar, ta farfaɗo kafin ƙarshen Agusta. Don haka in asusu sabo ne, nakan koma tarihin ma'aunin da yake bi in auna faɗuwar daga can.