Wasiƙa daga Shikago: Ambulan ɗin da wata dattijuwa ta kawo mini

Assalamu alaikum. Ina gaida manya da yara. Mu nan lafiya lau, sai sanyi, shi kuwa na sha ba ku labarinsa. Abin da ya zaunar da ni yau tambaya ɗaya ce da ƙannena ba su gajiya da ita tun bayan kisan George Floyd, baƙar fatar da ɗan sanda ya kashe a nan Amurka a 2020: "Yaya, wai da gaske ne ana wariyar launin fata a can? An taɓa zagin ka?" Amsar da nake ba ku a waya gajera ce, kuma in na ajiye wayar sai in ji ban kyauta ba. Shekarata goma sha ɗaya a Amurka, sau biyu kacal aka taɓa jefa mini baƙar magana a titi. In na faɗi haka sai ku ce ashe abin da sauƙi, ni kuwa na san mai zagi a titi shi ne ƙaramin alhaki a wannan lamari. Don haka zan taɓo batun gida, asibiti, neman aiki da 'yan sanda, gwargwadon yadda fili ya ba ni.

Bari in fara da neman gida, don shi ya fi ci mini rai. Da aka haifi 'yarmu ta biyu muka shiga neman gidan haya mai ɗaki biyu. A nan kafin mai gida ya ko dube ka, sai ka cike fom, ka biya kuɗin fom ɗin wanda ba a mayarwa, ka kawo takardun albashi na watannin baya, ka nuna abin da kake samu ya ninka kuɗin hayar sau uku, ka ba da lambar mai gidanka na da, sannan a binciki makin da kamfanoni ke ba kowa kan yadda yake biyan bashi. Duk na haɗa su a jaka ɗaya, ba abin da ya rage. Na kira wani dillali kan wani gida a arewacin gari, ya ce in zo ƙarfe huɗu. Na ɗauki izini a wurin aiki, na shiga jirgin ƙasa, na isa tun kafin lokaci. Mutumin ya fito, ya ba ni hannu, ya tambayi daga ina nake, ya ce sunana da daɗin ji, sannan cikin fara'a ya ce ai kash, jiya da daddare aka ba wani. Na yi godiya na juya. Bayan mako biyu na ga tallan gidan yana nan a intanet. Wani abokin aikina farar fata ya kira don ya gwada, aka ce masa ya zo gobe ya duba.

Ba wanda ya ɗaga mini murya, ba wanda ya ambaci fatata. In an ce in kawo shaida, ba ni da komai sai kwanan watan da ban ma rubuta ba.

Amma akwai abin da ya fi wannan nauyi a zuciyata. Lokacin da na iso, 'yan'uwanmu 'yan Afirka da suka riga ni zuwa sun zaunar da ni sun yi mini huɗuba: kada ka zauna a kudancin gari, ka kiyayi baƙaƙen fatar nan 'yan ƙasa, ba sa son aiki, ba sa son karatu, mu da su ba ɗaya ba ne. Na ɗauka, na riƙe, har na riƙa maimaitawa. Wata rana a ɗakin hutawa na wurin aikinmu (ina aiki ne a ɗakin gwajin jini na wani asibiti) na faɗi makamanciyar wannan magana a gaban wata dattijuwa baƙar fata da muke aiki tare, wadda nake kira Mama don a shekaru ta haife ni. Ba ta ce uffan ba. Washegari ta zo da wani tsohon ambulan mai ruwan ƙasa, ta ajiye a gabana ta ce, "Ɗana, karanta wannan kafin ka sake yi mana hukunci."

Takardar cinikin gidan mahaifinta ce. Ya taso daga Mississippi, cikin baƙaƙen fata kusan miliyan 6 da suka bar kudancin Amurka zuwa arewa da yamma tsakanin wajajen 1910 da 1970. Yana da aiki, yana da ɗan abin da ya tara, amma ba bankin da zai ba baƙar fata bashin sayen gida a unguwar da aka yarda ya zauna. Sai ya faɗa hannun masu sayarwa da yarjejeniya: ka ba da kafin alƙalami, ka riƙa biya duk wata a kan farashin da aka ninka, gyaran gida duk a wuyanka, amma takardar mallaka tana hannun mai sayarwa sai ranar da ka biya kashin ƙarshe. In ka yi fashin wata ɗaya, a fitar da kayanka waje, duk abin da ka zuba ya bi ruwa, a sayar wa wani da irin wannan sharaɗi. Mama ta nuna mini layin da yatsa. Ta ce mahaifinta aiki biyu yake yi, dare da rana, har sukan yi kwanaki ba su ga fuskarsa ba. Wannan shi ne mutumin da na kira 'ya'yansa malalata.

Ita ta sa na nemi taswirar garin ta wajajen 1940. A 1933 gwamnatin tarayya ta kafa wata hukumar bashin gidaje, wadda ta zana taswirar birane sama da 200 ta raba unguwanni aji huɗu. Kore shi ne mafi kyau, sai shuɗi, sai rawaya, sai ja wanda aka ce zuba kuɗi a cikinsa haɗari ne. A fom ɗin da ma'aikata ke cikewa akwai gurbin da ake rubuta ko baƙaƙen fata sun fara "kutse" cikin unguwa. Hukumar da aka kafa a 1934 don tsaya wa masu karɓar bashin gida ta bi wannan ra'ayi, bankuna suka bi ta. Ga kuma sharaɗin da ake rubutawa cikin takardun gidaje cewa ba za a sayar wa baƙar fata ba, wanda sai a 1948 Kotun Ƙoli ta ce kotuna su daina tilasta shi. Dokar da ta haramta wariya a harkar gidaje ba ta zo ba sai Afrilun 1968, mako ɗaya bayan an harbe Martin Luther King. Da na ɗora tsohuwar taswirar kusa da ta yau, sai na ga unguwannin da aka shafa wa ja su ne dai waɗanda aka gargaɗe ni kada in taka.

Ku bi lissafin da ni. A ƙasar nan gida shi ne babbar dukiyar talaka, shi ake bar wa 'ya'ya, shi ake jinginarwa a biya kuɗin jami'a. Wanda aka hana kakansa saya, me zai gada? Ƙididdigar babban bankin Amurka ta 2022 ta nuna dukiyar matsakaicin gidan farar fata ta kai wajen dala 285,000, ta baƙar fata kuwa wajen dala 45,000. Sannan wani kaso mai yawa na kuɗin makarantun gwamnati daga harajin gidajen yankin yake fitowa, don haka inda gidaje ba su da daraja, makaranta ma sai ta rame. Yau dillali ko ma'aikacin banki ba ya buƙatar ƙin kowa. Ya duba maki, ya duba adireshi, ya bi ƙa'ida, sakamakon ya fito kamar yadda aka tsara tun kafin a haife shi. Wannan shi ne wariyar da ta zauna cikin hukuma. Stokely Carmichael, ɗan gwagwarmayar baƙaƙen fata, da Charles Hamilton ne suka fito da sunan a littafinsu na 1967. Carmichael ɗin shi ne ya koma Kwame Ture, ya ƙarasa rayuwarsa a Gini. Ingila ma ta amsa wannan suna a 1999, lokacin da rahoton Macpherson ya ɗora shi kan 'yan sandan Landan saboda yadda suka yi wasa da binciken kisan Stephen Lawrence, wani baƙar fata ɗan shekara 18.

Saiwar kuwa ta fi 1933 nisa. A 1619 aka sauke 'yan Afirka kimanin 20 a Bajiniya. A 1662 majalisar yankin ta yi doka cewa ɗa yana bin matsayin uwarsa, wato baiwa in ta haihu, ko da ubangidanta ne uban, ɗan bawa ne. Tsarin mulkin 1787 ya ƙirga bawa a matsayin kashi uku cikin biyar na mutum wajen rabon kujerun majalisa. Da aka soke bauta a 1865 aka bar ƙofa: ban da wanda kotu ta hukunta, sai jihohin kudu suka shiga kama baƙaƙen fata kan laifin zaman banza suna ba da hayarsu ga gonaki da ma'adinai. A 1896 Kotun Ƙoli ta halatta raba jinsi, ba ta janye ba a makarantu sai 1954. Ni abin da na karanta a wannan jeri shi ne, kwaɗayin aikin kyauta ne ya zo da fari, aka rubuta masa doka, sannan aka ƙirƙiro labarin cewa baƙar fata ƙasƙantacce ne don zukata su kwanta. Labarin nan ne aka miƙo mini a makona na farko, na haɗiye.

A ɗakin gwajinmu ma na ga ɗan'uwan jan taswirar nan da idona. Shekaru da yawa, in aka auna ƙarfin ƙoda, takardar sakamako lamba biyu take fitarwa: ɗaya ta kowa, ɗaya ta baƙar fata, wadda ake ɗagawa sama. Jini ɗaya, na'ura ɗaya. Ma'anarsa ƙodar baƙar fata za ta bayyana da lafiya fiye da yadda take, sai a makara wajen tura shi ga likitan ƙoda ko sa shi a layin dashe. Na buga irin wannan takarda ba adadi ban taɓa tambaya ba. Ɗaliban likitanci da matasan likitoci ne suka dage da tambayar daga ina wannan lissafi ya fito, har a 2021 manyan ƙungiyoyin likitocin ƙoda na ƙasar suka ce a cire launin fata daga ciki.

Neman aiki kuwa, a wani bincike da aka buga a 2004 an aika takardun neman aiki kusan 5,000 a Boston da nan Shikago, iri ɗaya sai suna kawai aka sauya. Masu sunan fararen fata sun samu kira fiye da masu sunan baƙaƙen fata da kashi 50 cikin 100. Batun 'yan sanda dogo ne, ku bar ni da shi sai wani jiƙon.

To ƙannena, musamman masu shirin fitowa karatu, ga abin da nake so da an faɗa mini. Kada ku karɓi ra'ayi kan mutanen da ba ku zauna da su ba, ko da daga bakin ɗan'uwa ya fito. Dokar shige da fice ta 1965 da ta buɗe wa irinmu ƙofa a zamanin gwagwarmayar waɗannan mutane aka yi ta, da dukan da suka sha da ɗaurin da aka yi musu. Kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awai: dillalin nan bai tambaye ni ko kakana bawa ne ba kafin ya ce an ba wani.

In abu ya same ku, ku rubuta a ranar: lokaci, wuri, wa ya ce me. Ku ajiye saƙonni, ku ɗauki hoton talla. Doka ta ba da shekara ɗaya a kai ƙorafin wariyar gida ga ma'aikatar gidaje ta tarayya, kuma akwai ƙungiyoyi masu tura mutum biyu, fari da baƙi, da takardu iri ɗaya, su gwada mai gida. Ni sai da shekarar ta wuce na san haka. Fushi a bakin ƙofa ba ya cin shari'a, takarda ke ci, tun da da takarda aka gina abin.

Kada kuma ƙuruciya ta sa ku raina kanku. Claudette Colvin tana da shekara 15 ta ƙi tashi daga kujerar bas ta ba farar fata a garin Montgomery a 1955, wata tara kafin Rosa Parks ta yi irin haka ta yi suna. Ɗalibai huɗu ne suka zauna a teburin cin abinci da aka hana baƙar fata a wani kanti a garin Greensboro ranar 1 ga Fabrairun 1960, washegari suka dawo da ƙarin mutane, cikin 'yan makonni abin ya bazu garuruwa. Yarinyar da ta riƙe waya ta ɗauki kisan Floyd shekararta 17, kuma ba don hoton nan ba, da sanarwar farko da 'yan sanda suka fitar ce za ta zauna, wadda ta ce rashin lafiya ce ta kama shi.

Na san wani zai ce wannan matsalar can ce. Laifi tudu ne. Tun da Mama ta buɗe mini ambulan ɗin nan nake tuna fom ɗinmu na neman makaranta da aiki, mai tambayar asalin uba, wanda ke mayar da yaron da aka haifa a gari baƙo har ya tsufa. Nake tuna sunayen da muke kiran wasu ƙabilu da su muna dariya, da zuri'ar da har yau ake ƙin ba su aure saboda abin da aka ce kakanninsu ne. In kuka samu kujera a ofis, ko ta ƙaramin ma'aikaci ce, ku dubi ƙa'idar da aka miƙo muku ku tambaya: wa ya rubuta ta, yaushe, kuma wa take barin sa a waje?

Mama za ta yi ritaya wata mai zuwa. Ta roƙe ni in taimaka mata a ɗauki hoton takardar mahaifinta a sa a kwamfuta don jikokinta, saboda ta fara yagewa a wurin ninki. Ranar Asabar zan je gidanta a yammacin gari, kuma zan tafi da babbar 'yata. A gaida mutanen gida, a ci gaba da sa mu a addu'a.

Naku,
daga Shikago