Turken da ake kafawa a cikin ƙashi

Idan aka tambaye ni sana'ata nakan ce ni maƙeri ne, sai dai abin da nake ƙerawa da ƙyar ya kai tsawon farcen babban yatsa. Ƙaramin kamfani ne gare ni: injinan feƙe ƙarfe masu aiki da kwamfuta, ɗakin wanki, ɗakin gwaji, da ma'aikatan da ban taɓa buƙatar rajista don in tuna sunayensu ba. Muna yin wani ɗan abu da likitocin ƙashi ke kafawa a cikin ƙashi don su sami inda za su ɗaure zaren tiyata. A wurin aiki turke muke ce masa, domin aikinsa ke nan. Ana kafa shi, a ɗaura abu a jikinsa, kuma ba a son ya motsa.

Matsalar da ta haifi sana'ar mai sauƙin faɗa ce. Allura tana ratsa nama, ba ta ratsa ƙashi. Idan jijiyar da ke haɗa tsoka da ƙashin kafaɗa ta tsinke daga mazauninta, sai an mayar da ita an danne ta a jikin ƙashin, ta zauna makonni kamar 12 kafin ta kama sosai da kanta. A da likita kan buɗe kafaɗar, ya huda ƙananan ramuka su ratsa ƙashin, ya zura zare ta ciki ya ɗaure. Haka aka daɗe ana yin gyaran da likitan Ingila Bankart ya bayyana a 1923 ga masu yawan gocewar kafaɗa. Aikin yana yi, amma yana da wahala a wuri mai matsi, kuma a ƙashi mai laushi zaren kan riƙa cin bakin ramin kamar yadda igiyar guga ke cin bakin rijiya.

A 1985 wani likitan ƙashi a jihar Yuta ta Amurka, Marlowe Goble, tare da abokin aikinsa Karl Somers, suka nemi takardar haƙƙin ƙirƙira a kan wata ƙusa mai haƙoran murɗawa wadda zare ke fitowa daga bayanta. An ba su a watan Disamba na 1986, lamba 4,632,100. Bayan 'yan shekaru kamfanin Mitek ya fito da nasa, wanda ba a murɗawa: yana da ƙaya ta wani gaurayen nikel da titaniyom mai komawa siffarsa bayan an lanƙwasa shi, sai a tura shi cikin rami, ƙayar ta buɗe a ƙarƙashin ɓawon ƙashin ta maƙale. Da tiyata ta ƙananan huji da kyamara ta yaɗu, sai turken ya zama abin da ba a iya yi ba tare da shi ba, domin ta bututu siriri ba ka da sararin haƙa ramuka masu ratsawa. Daga nan takardun suka riƙa zubowa. An yi na titaniyom, an yi na roba mai narkewa a jiki, an yi na roba mai tauri da ake kira PEEK wadda ba ta ɓata hoton cikin jiki na MRI, an yi wanda ba ya buƙatar ƙulli ko kaɗan, shi da kansa ke matse zaren a jikin bangon ramin.

Na shigo harkar da wani tunani da na ɗauka wayo ne. Takardar haƙƙin ƙirƙira ciniki ce tsakanin mai ƙirƙira da hukuma: a hana kowa yin abinka na shekara 20 daga ranar da ka shigar da buƙata, kai kuma ka bayyana wa duniya yadda ake yin sa. Da wa'adin ya cika, abin ya zama na kowa. To, tunda ƙirar farko-farko duk wa'adinsu ya ƙare, na ce me zai hana in zauna in karanta, in zaɓi mai sauƙi, in ƙera? Zane yana nan, bayani yana nan, kyauta a intanet.

Muka zaɓi ƙusa mai murɗawa ta titaniyom, kauri milimita 5, mai kafar zare a bayanta. Muka yi kashin farko, suka fito suna ƙyalli, ma'auni daidai. Muka kai ɗakin gwaji. Ba a ƙashin mutum ake fara gwaji ba, akwai wani soso mai tauri da ake yi musamman, mai nauyi daban-daban, wani yana kwaikwayon ƙashin matashi, wani na tsoho. Sai a murɗa turken a ciki, a ɗaura zaren a na'ura ta ja. Da aka ja sau ɗaya da ƙarfi, turken bai ko girgiza ba, har na fara lissafin riba a raina. Sai aka koma gwaji na biyu, wanda na'ura ke ja tana saki ɗaruruwan lokuta, kamar yadda kafaɗar mai jinya ke yi ko da an ɗaure ta da majanyi. Zare ya tsinke. Muka sake, ya sake tsinkewa, kuma a wuri ɗaya, daidai bakin kafar.

Dattijon da ke kula da injinanmu, wanda ya riga ni sanin ƙarfe da shekaru masu yawa, bai ce komai ba sai da muka lalata kusan rabin kashin. Sannan ya ɗauki guda ɗaya, ya zare wani siririn zare daga tsumman goge inji, ya zura ta kafar, ya riƙa ja yana mayarwa a hankali. Bai yi sau goma ba zaren ya fara tashin gashi.

"Maigida, zo ka gani. Bakin nan wuƙa ne."

Na ce, "Baba, ai zanen bai ce a kashe bakin ba."

Ya ce, "Zanen lauya ne ya biya aka yi shi. Shi ba ya ƙira."

Muka sa a madubin ƙara girma, ga shi nan: wani ɗan kaifi da ƙarfen huji ya bari a gefen ramin, ido ba ya ganinsa, yatsa ba ya jinsa. Na koma takardar na karanta ta daga farko har ƙarshe. Ta ce akwai kafa da zare ke bi. Ba ta faɗi yadda za a lanƙwasa bakinta ba, ba ta faɗi irin santsin da ake so ba, ba ta faɗi da me za a goge ba. Doka ta ce a yi bayanin da gwani a fannin zai iya bi ya yi abin, kuma kalmar gwani ɗin nan ita ce ta ci mu. Duk abin da gwani ya riga ya sani ba dole ba ne a rubuta shi, mu kuwa a lokacin ba gwanaye ba ne. Wata da watanni muka yi muna neman yadda za mu kashe bakin rami da bai kai milimita biyu ba, ciki da waje, iri ɗaya a kowane turke, ba tare da mun ci haƙoran da ke kusa da shi ba. Yadda muka dace a ƙarshe ba zan rubuta shi a nan ba, kuma ban nemi takarda a kansa ba, domin neman takarda na nufin in faɗa wa kowa.

Akwai kuma abin da ya ƙara tsananta lamarin. Tun farkon shekarun 2000 zaren da likitoci ke amfani da shi ya canza, aka shigo da masu ɗauke da wata roba mai tsananin ƙarfi, irin FiberWire na kamfanin Arthrex. Zaren ya daina zama mai rauni a cikin sarƙar. Yanzu idan turken na roba ne, zaren ne ke iya yanka kafar, ko ya yanka jijiyar mai jinyar kanta. Ka gyara wuri ɗaya, raunin ya koma wani wuri. Shi ya sa da yawa daga ƙirar baya-bayan nan suka maye gurbin kafar ƙarfe da madaukin zare, wasu kuma suka koma zare mai faɗi kamar ƙaramin tef don ya danne jijiya ba tare da ya tsaga ta ba.

Wannan tunanin ne ya kai ni ga kuskure na biyu. Na zauna na zana namu turken, wanda zare ke bi ta cikinsa ya lanƙwaso a wata 'yar gada a ƙasa, yadda babu kaifin da zai taɓa shi. Na ji daɗin kaina ƙwarai. Na kai wa lauyar da ke duba mana irin waɗannan takardu, ta ce in ba ta mako uku. Da na koma sai ta ajiye min takardu huɗu a tebur, duk masu rai, ta ce in bar kallon zane, in tafi shafin ƙarshe inda aka jera da'awoyi masu lamba. Nan ne shingen yake. Zanen wani na iya bambanta da naka kamar dare da rana, amma idan da'awarsa ta ɗaya ta lissafa abubuwa biyar, naka kuma yana da duka biyar ɗin, ka shiga gonarsa, ko da ba ka taɓa jin sunansa ba. Idan ɗaya daga ciki babu a naka, galibi ka tsira, sai dai in kotu ta ga abin da ka sa a madadinsa kusan shi ne. Ɗaya daga cikin takardun huɗun ta kama mu cif. Muka jefar da gadar.

Mai ganin wannan tsoro ne kawai, ya duba shari'ar kamfanonin Smith & Nephew da Arthrex a kan takardar likita John Hayhurst na jihar Oregon. Abin da aka mallaka a takardar hanya ce: a huda rami, a danna abu mai ɗan lanƙwasuwa a ciki, ya maƙale. Shekaru aka kwashe ana hawa ana sauka tsakanin kotuna a kan ma'anar kalmomi ƙalilan, musamman me ake nufi da maƙalewa. A 2011 masu taimaka wa alƙali suka yanke diyyar dala miliyan 85, alƙali ya soke, kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da hukuncin a 2013. Wata rigimar ta kamfanonin biyu, a kan turke marar ƙulli, har Kotun Ƙolin Amurka ta kai a 2021, inda magana ta bar ƙashi gaba ɗaya ta koma kan yadda ake naɗa alƙalan ofishin haƙƙin ƙirƙira. Giwaye ne suke wannan kokawar. Kamfani irin nawa wasiƙar lauya guda ɗaya ta ishe shi rufe ƙofa, ko da shi ne mai gaskiya, domin ba shi da numfashin da zai kai ranar hukunci.

Mutane kan ɗauka takardar haƙƙin ƙirƙira shaida ce cewa abu yana aiki. Ofishin yana duba ko abin sabo ne, ko kuma wanda kowane gwani zai iya hangowa ne. Ba ya kafa shi a ƙashi ya ja. Izinin sa wa mutum a jiki wata hanya ce daban, da hukumarta daban. A Amurka yawanci sai ka nuna wa FDA, hukumar kula da abinci da magunguna, cewa naka daidai yake da wani da ke kasuwa, a Turai akwai sabuwar doka mai tsauri da ta fara aiki sosai a 2021, kuma kusan ko'ina za a tambaye ka tsarin inganci na ISO 13485, da shaidar cewa kayan ba ya cutar da jiki, da yadda ka kashe ƙwayoyin cuta a cikin fakitin. Fayil ɗin turke guda ya fi turke dubu nauyi. Na karanta takardun ƙirƙira masu yawa da zanensu ke da ban sha'awa waɗanda ban taɓa ganin kayansu a hannun likita ba.

Wani abin kuma ba a hannunmu yake ba sam. Likita Stephen Burkhart a 1995 ya kawo shawarar a kafa turken a karkace, kusan digiri 45, kuma daga yadda ake ɗaure ginshiƙin kusurwar shinge a gonar kiwo ya ɗauko misalin. An daɗe ana bin wannan, daga baya wasu gwaje-gwaje suka nuna a miƙe ma yana iya fin riƙewa, har yau likitoci na muhawara. Ni dai abin da nake gani a soson gwaji shi ne, a mai laushi kowace ƙira tana raguwa, ta mai tsada da ta mai araha. Ƙashin tsohuwa mai shekara 70 ba ya karanta takardar kowa.

Abin da ke hana ni barci yanzu wani ne. Wajen 2010 kamfanin Biomet ya fito da JuggerKnot, turken da babu ƙarfe babu roba mai tauri a cikinsa, zare ne zalla. Ana huda rami na milimita 1.4, a tura wata 'yar rigar zare a ciki, a ja, ta tattare ta zama ƙulli a ƙarƙashin ɓawon ƙashin. Rami ƙarami, ƙashi ya tsira, idan ya gaza ma babu ƙarfen da zai riƙa yawo a gaɓa yana kankare guringuntsi. A matsayina na mai son aikin, na yaba. A matsayina na mai injinan feƙe ƙarfe da ban gama biyan kuɗinsu ba, na ga abin da babu gurbin injina a cikinsa, domin aikin masaƙa ne.

Sai dai ko shi sai an huda masa rami daidai, sai an tura shi da sanda siririya mai baki biyu da ba za ta lanƙwashe ba, ba kuma za ta yanki zaren da take ɗauke da shi ba. Yanzu fiye da rabin aikinmu waɗannan sanduna ne da bututun da ke jagorantar ƙarfen huji, muna yi wa wani kamfani da ya riƙe takardarsa da izininsa, sunanmu ba ya kan fakiti. Kashin farko da suka karɓa daga wani maƙerin kafin mu, bakin sandar ne ke tsinka musu zare. Ranar da samfurin ya iso, Baba ya juya shi a haske, ya miƙa hannu ya jawo tsumman goge inji.