Minti 50 da suka cinye mini kwana guda

Watana na biyu ke nan da kama aikin tsara tafiye-tafiye a wata ƙungiyar agaji a nan Tawa, maigidana ya leƙo ya ce, "Daga nan zuwa Maraɗi a jirgi, awa nawa?" Na buɗe taswira na auna. Tsakanin filayen jirgin garuruwan biyu kusan kilomita 250 ne a miƙe. Ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya yana cin wajen kilomita 300 a awa. Na raba, na ce minti 50. A kan wannan lissafi na sa taro ƙarfe 11 na safe a Maraɗi, har ina jin kaina gwani.

Lissafin bai yi ƙarya ba, ni ne ban san abin da nake aunawa ba.

Da farko, jirgin ba namu kaɗai ba ne. Ƙananan filaye irin na Tawa ba su da jirgin da ke kwana yana jiran mutum. Daga Yamai yake tasowa, kilomita kusan 370, ya sauke wasu ya ɗauki wasu, kuma inda fasinja suka fi yawa can yake fara nufa. Ga awon kaya, ga shan mai, ga jiran izinin tashi.

Amma abin da ya kayar da ni hazo ne. Watan Janairu ne, iskar hunturu ta kwaso ƙura daga arewa maso gabas ta rufe gari, rana ta koma kamar faifai fari. Muna zaune a filin tun ƙarfe 8. Wani dattijo mai aikin duba yanayi, wanda ya yi karatu a EAMAC, makarantar nazarin yanayi da harkar jiragen sama ta Yamai, ya ga ina ta duba agogo ya ce, "Ɗana, bar kallon agogo, kalli bakin titin jirgin can. Kana hango shi?" Na ce a'a, Baba. Ya ce to matuƙin ma da ido zai sauka, in bai ga ƙasa ba ba zai zo ba. Shi ya koya mini cewa su ma'aikatan jirgin sama da mil na teku suke awo, kowane ɗaya kilomita 1.852, kuma gudun da aka rubuta wa jirgi gudunsa ne cikin iska: in iska ta tare shi ta gaba, tafiya ta ƙaru, in ta turo shi ta baya, ta ragu. Ya ƙara da cewa in jira Afrilu in gani, lokacin da zafi ke sa iska ta yi sako-sako har a rage wa ƙaramin jirgi kaya kafin ya iya ɗagawa.

Bayan azahar aka ce an soke tashin.

Abin da ya fi ba ni kunya, direbanmu da na tura da takardun taron tun asuba, ta Tsarnawa da Madawa, ya kira ni yana cin tuwo a Maraɗi. Ya ce, "Yallaɓai, ina masu jirgi?"

Yanzu in aka tambaye ni awa nawa, sai na fara tambayar wane wata ne, kuma daga ina jirgin zai taso. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa ba na sa taro ranar da za a sauka, kuma mota tana nan cike da mai a bakin ofis.