Kan Jirgina na Fasinja Ya Daina Gocewa a Kwana

'Yan'uwa masu sha'awar ƙananan jiragen ƙasa, jiya kan jirgina na fasinja, samfurin E8 a ma'aunin HO (wato kwafin jirgin gaske da aka ƙanƙanta sau 87), ya zagaya layi sau 40 da taragu biyar a bayansa ba tare da ƙafa ɗaya ta sauka daga dogo ba, kuma da gangan na yi gwajin da ƙarfe biyu da rabi na rana, lokacin da ya saba kunyata ni. Mako bakwai na yi ina fama da shi.

Abin da ya ruɗe ni tun farko shi ne, kan jirgin kaya, wato F7, bai taɓa gocewa a wannan kwana ba. Sai na ɗora wa E8 laifi, kuma ina da hujjata. Kamfanin EMD na Amurka ya fito da su duka biyun a 1949, amma kowanne da aikinsa. F7 gajere ne, injinsa ɗaya mai ƙarfin doki 1,500, kowane bogi (firam ɗin da ke riƙe ƙafafu a ƙarƙashinsa) aksul biyu, wato sandunan da ke haɗa ƙafar hagu da ta dama, dukkansu suna ja. Shi kuwa E8 sai da aka tsawaita shi domin ya ɗauki inji biyu masu ƙarfin doki 2,250 a haɗe, ga tukunyar tururi ta ɗumama taragun fasinja, aka kuma ba kowane bogi aksul uku, na tsakiya nauyi kawai yake ɗauka. Kun san irin wannan bogi ba ya shiri da matsattsiyar kwana, tawa kuwa rabin faɗin da'irarta inci 22 ne kacal.

A kan wannan zato na sa aka kawo mini sababbin ƙafafu daga waje, naira 41,000 har da kuɗin kawowa, kuɗin da har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci, domin tsofaffin lafiyarsu lau. Na ƙara masa nauyin dalma a gaba, na sassauta sukurin bogi, duk a banza.

Sai a mako na shida na lura cewa bayan sallar asuba da kuma dare yana wucewa sumul, tsakanin azahar da la'asar ne kawai yake faɗuwa. Ɗakin nawa rufin kwano ne, kun kuma san Sakkwato a watan Afrilu. Ma'aunin zafi da na rataya ya nuna digiri 44. Na durƙusa har idona ya yi daidai da teburin, na haska fitilar waya, na tura kan jirgin a hankali da yatsa. A daidai mahaɗar dogo ta tsakiyar kwana na ga ƙafar tsakiya ta ɗaga, bakinta ya hau kan ƙarfe. Da na auna, faɗin layin a wurin bai kai milimita 16.5 da ya kamata ba.

Laifin nawa ne. A watan Janairu na shimfiɗa layin, cikin sanyin hunturu, na liƙe kowace mahaɗa da dalma don wuta ta riƙa bi sosai, ban bar rata ko ɗaya ba. Wannan ƙarfe yana ƙara kusan sulusin milimita a kowace mita idan zafi ya hau da digiri 20, layina kuwa mita 7 ne, ƙarin ya haura milimita 2 ke nan, da ya rasa inda za shi sai ya lanƙwasa dogo a mahaɗa mafi rauni. Gajeren bogin F7 yana lallaɓawa ya wuce, dogon bogin E8 ba shi da wannan sarari. Abin kunyar shi ne, mu da ba mu da layin dogo a Sakkwato, na taɓa yin tattaki har Ƙauran Namoda, inda reshen Zariya ya tsaya tun 1929, na ga ratar da ake bari a mahaɗun tsohon dogo da idona, amma ban tuna ba.

Na yanka rata huɗu da siririn zarto a miƙaƙƙun wurare, kowace kaurin katin waya, na tsallaka su da siririyar waya ta ƙarƙashin tebur, na daidaita mahaɗar na sake kafe ta. Yanzu saura hawa, inda E8 yake santsi da zarar na ƙara tarago na shida, alhali F7 yana haye shi da 12. Ratar kuma zan sake auna ta a watan Disamba, in ga iyakar buɗewar da za ta yi.